Shaidar da Kawu ya ba fitilata

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, ga shi Kawu ya riga mu tafiya. Ya rasu da hantsi a gidansa na Kona, bayan an gama shigar da gero rumbu. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya da jikoki, da ƙanwa ɗaya, wato mahaifiyata. Ina Maraɗi inda nake koyarwa aka bugo mini waya. Kafin in sami motar Tasawa, in hau kabu-kabu ya ƙarasa da ni gida, an riga an kai shi makwancinsa.

Ƙofar gidan ta cika ta batse. Amalanken shanu da na jakai sun yi layi har bakin rijiya, babura kuma an jingine su a inuwar gawo. Akwai waɗanda suka zo daga Mayahi, akwai wani makiyayi mai rawani har ido da ya zo a kan raƙumi daga wajen garin Alasan Mairairai. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin zaure, ta ƙi shiga wajen mata, tana cewa, "Wayyo, an tahi da ma'auninmu. Yanzu in baƙo ya taho da magana, wa za mu kai ma ita?" Wani mai sayar da iri daga kasuwar Tasawa yana zaune yana share ido da hannun riga. Ya ce, "Sau nawa tsohon ga ya kore ni da kayana! Wallai ban taɓa son shi ba. Amma tun da anka ce ya rasu tuwo ya ƙi wuce man." Liman ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin marigayin ya rantse ba, domin ba a taɓa neman ya rantse ba.

Duk wannan daga nesa na ji shi. Da na iso tabarma sai magana ta ɗauke. Na bi layi ina miƙa hannu, ana miƙo mini yatsu. "Ƙaƙa haƙuri" ɗin da aka yi mini gajere ne, kowa kuma ya faɗe shi yana kallon ƙasa. Ni a hannun Kawu na tashi, ba a yi mini irin wannan in kasa ganewa.

Babban ɗan Kawu taubashina ne, shi ɗan namiji, ni ɗan mace. Tun muna yara bawansa yake kirana, ko a gidan makoki muka haɗu sai ya ƙwace mini hula. Ranar bai tsokane ni ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan zagi. Ya shiga gida ya fito da wani ƙaramin gwangwanin madara da aka naɗe da tsumma, yana riƙe da shi da yatsu biyu, ya ajiye a gabana.

"Ga kayanka," in ji shi. "Ƙarƙashin matashinshi munka ishe shi. In za ka tahi ka hita muna da shi daga gidanga."

Na san abin da ke ciki tun ban buɗe ba. Wata 'yar fitila ce da na yi da hannuna, ba ta kai farcen babban yatsa ba, da wayoyinta biyu da pil ɗin da ke ba ta wuta. Shekarun Kawu na ƙarshe a makance ya yi su, kuma duk wanda ka tambaya a Kona zai gaya maka dalili: fitilar ɗan ƙanwarsa ce ta cinye masa ido. Yana raye ba a faɗa da ƙarfi. Yanzu ya tafi, an fara faɗa da ido da hannu. Ni kaina ban san gaskiyar ba, kuma ita nake nema, ko ni na makantar da mutumin da ya raine ni.

Amma bari in fara faɗin wane ne shi, kada zargin ya rufe mutumin.

Kawu bai yarda da komai ba. Ko wannan da na rubuta, da za a karanta masa, cewa zai yi, "Wa ya gani?" Ita ce kalmarsa, har yara ke kwaikwayonsa da ita in ya ba da baya. Aka ce an yi ruwa a garin Sarkin Hausa, wa ya gani? Aka ce buhun gero ya sauka a Mayahi, wa ya gani? In mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suka kawo sabon iri, gari gaba ɗaya sai ya jira. Kawu zai ɗebi ƙwayoyi ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ya rataya a bakin randa, sai sun tsiro ya duba da idonsa sannan kowa ya shuka. Takin zamani kuwa a ƙwarya yake jiƙa shi, in ya ga yashi ya kwanta a ƙasa sai ya aika da ƙwaryar ga mai kayan ba tare da saƙon baki ba. Da waya ta zo gari bai yarda muryar da ke ciki ta mai ita ce ba. In na kira shi, kafin ya amsa gaisuwa sai ya ce, "Wane kunne na ga jakinmu ya tsage?" Sai na ce na hagu sannan ya tambayi lafiyata.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. In kana yi masa magana mai muhimmanci, rufe ido yake yi ya karkato kunne. Ya ce riga mai kyau tana hana shi jin ƙarya. Kuma ba ya yanke hukunci a zama ɗaya. Yau ya tambaye ka, jibi ya sake tambayarka ta wata fuska, kamar ya manta. Wanda ya ƙirƙiri labarinsa ba ya iya dawo da shi yadda ya ajiye shi, da haka Kawu yake kama mutane.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Kawu ya kwaso mu ni da Inna. Da aka rubuta ni lakwal, wato makarantar boko, bai yarda da mushen da aka kawo ya koyar da mu ba. Ya bar aikin gona ya riƙa zuwa yana zama a gindin tagar aji, ido rufe, bai san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba. Bayan 'yan kwanaki ya dawo ya ce wa Inna, "Ban gane abin da shika hwaɗi ba. Amma abin da ya hwaɗi jiya shi ya maimaita yau. Ki bar yaron shi yi."

Alherinsa ma da zargi yake yin sa, domin ba ya son godiya. In shekara ta yi wuya, sai ka ga ya aika da dami gidan wata gwauruwa ko gidan marayu, da saƙon cewa, "Ban yarda da hatsin ga ba, kamar ya sha ruwa. Ku ci ku hwaɗa man in da lahiya." Ba a taɓa samun komai a hatsin ba. Su ma sun gane, sai su aiko cewa sun ɗan ji ɗaci, a ƙaro su tabbatar, shi kuma ya ƙaro yana tsaki.

Wannan halin ne ya haɗa shi da ɗansa, taubashina. An yi rigimar iyakar gona tsakanin taubashin da wani maƙwabci. A wajenmu gamba ake dasawa a kan iyaka, to tsohuwar gambar ta mutu, kowa ya nuna inda yake so. Aka je gaban mai gari, aka kira Kawu, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ya rufe ido ya saurari kowane ɓangare, sannan ya ce, "Ranar da anka dasa gambar ina Tasawa wajen jinya. Ban gani ba." Ɗansa ya rasa wani yanki mai kyau na gonar, ya yi damina guda bai ci kwano ɗaya da ubansa ba. Inna ta yafa zane ta je ta same shi.

"Yaya, ɗan cikinka na hwa!"

"Awo," in ji shi. "Shi na ga ranar da anka haihe shi. Iyaka ko ban gani ba."

Ta yi fushi ta yi kuka, shi kuma ya ci gaba da gyaran igiyar guga. Daga ranar, tun daga Tasawa har Mayahi, in aka ce tsohon Kona ya ce ya gani, ba a sake tambaya.

Ni kuwa karatu ya ja ni daga Tasawa zuwa Yamai, daga can zuwa wata jami'a a ƙetaren hamada. Aikin da na faɗa ciki yana da wuyar faɗa a gida. Akwai tutiya, ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da bokiti da shi don kada su yi tsatsa. In ta haɗu da iskar da muke shaƙa sai ta koma farin gari, irin wanda ke cikin man da ake shafa wa jarirai in sun yi ƙuraje. Mu a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, muna shimfiɗa ɗan wannan a kan wani ƙanƙanin faranti, mu tsoma shi a ruwan magani mai ɗumi, mu bar shi. Sai wasu zaruruwa su tsiro a tsaye, cunkus, kamar gero da aka shuka da kauri. Gashin kai a gabansu gungumen icce ne, ido ba ya ganin su sai da babbar na'ura. In aka haɗa su da wani falle na daban aka saki wuta ta bi, sai haske ya fito daga inda suka haɗu, ba zafi, ba hayaƙi, ba zaren da ke ƙonewa kamar na tsohon ƙwan lantarki. Burinmu fitila mai araha da ba ta cin wuta. Muna nesa da burin, har yau ma.

Kuskurena na farko shi ne na ce wa Inna a waya muna shuka ƙarfe a kwalba yana tsirowa. Ta faɗa wa maƙwabciya da alfahari. Kafin in dawo hutu maganar ta zagaya gari ta sake kama. Wasu suka ce an kore ni daga karatu ina wanke kwanuka. Wasu suka ce na shiga cikin 'yan damfarar nan masu cewa suna dafa tagulla ta zama zinariya. Taubashina ya raɗa mini suna manomin ƙusa.

Da abin ya tsaya a dariya, da sauƙi. Amma a lokacin ina neman aure. Yarinyar da nake nema malamar lakwal ce a Mayahi, a Yamai muka san juna, iyayenta kuma mutanen garin Sarkin Hausa ne. Kamar yadda ake yi, mahaifinta ya sa a bincika masa asalina da sana'ata. Asali ba a sami abin cewa ba, sana'a kuwa aka kai masa labarin kwalba. Dillalin dabbobi ne, ya ga ƙarya iri-iri a kasuwa. Ya aiko da magana ɗaya: ba zai ba da 'yarsa ga mai shuka ƙarfe ba, sai in tsohon Kona ya ce ya gani.

Na dawo da fitilar a aljihu. Ɗaya ce daga waɗanda muka gama gwaji da su, malamina ya ce in riƙe ta tsaraba. Na tarar Kawu ya rage fita. Ya daina zuwa kasuwar Tasawa, ya ce maƙaryata sun yi yawa. Yana zaune a zaure, butarsa da takalmansa kullum a wuri ɗaya, matarsa na yawan leƙowa tana cewa ga wane nan tafe. Na ɗauka tsufa ne da rigima irin tasa.

Na nuna masa hoton zaruruwan a waya. Ko sakan bai yi da ita a hannu ba ya mayar mini.

"Hoto ba shaida ba na. Wa ya sani ko tsintsiya kunka ɗauka? Yi man bayani da baki."

Ya rufe ido. Na fara, "Kawu, c'est-à-dire, akwai wani abu..."

"Yi man Hausa."

Na yi masa Hausa. Ya tambayi wa ke shuka, me ake zubawa, me ke hana su kwanciya, ina wutar ke shiga, ina take fita. Ya karɓi fitilar ya shafa ta da yatsa, ya sansana, ya ɗora pil ɗin a harshe ya ji tsaminsa. Washegari ya sake tambayata daga ƙarshe zuwa farko. Bayan kwana biyu muna cin tuwo ya jefo mini wata.

"Cikin waɗanda kuka shukawa, dut suna kamawa?"

Na ce a'a, galibi mutuwa suke yi. Wasu ba sa haske ko kaɗan, wasu su yi ƙyal su ɗauke.

"Wagga hwa?"

Na ce ita ma ba za ta daɗe ba, kuma haskenta ba ya isa a ga tafin hannu.

"To mi ne amfaninta?"

Na ce a yanzu babu, sai dai a koya daga gare ta. Raina ya ɓaci da na faɗi haka, domin na ga aurena yana zamewa. Shi kuwa ya ce uhum, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ranar da mahaifin yarinyar ya zo daga Sarkin Hausa, bayan azahar aka shiga ɗakin ƙasa na Kawu, wanda ba shi da taga. Aka rataya bargo a ƙofa don a sami duhu. Mu biyar ne: Kawu, baƙon, liman, taubashina da ni. Na tsaya daga wajen ƙofa na yi bayani a taƙaice. Sannan na ƙara da gargaɗi, domin haka aka koya mana. Na ce yawancin hasken irin wannan fitila ido ba ya ganinsa, irin wanda ke cikin rana mai ƙona fata ne, saboda haka kada a kawo ta kusa a tsura mata ido. Liman ya yi a'uziyya a hankali. Na matsa can ƙuryar ɗaki inda ya fi duhu, na tsuguna, na ɗora ta a kan kujerar mata, na haɗa wayoyin.

Ta kama. Ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba, shuɗi mai ratsin ja, kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Taubashina ya fashe da dariya.

"Wannan na? Shekarun ga dut? Ai ko tocilar kasuwa ta hi ta!"

Baƙon ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ni dai na ga abu na ƙyalli. Amma wa ya san ko daga cikin wata tocila anka ciro shi? Ni ba gwanin wanga ba na. Tsoho, kai nika saurare."

Kaina yana ƙasa, ina danne waya da yatsa don kada ta zame. Sai na ji muryar Kawu, a natse, yadda yake yi a gaban mai gari.

"Na gani. Aikin hannunshi na. Na shaida."

Ba a ƙara ko kalma ba. Bayan girbin shekarar aka ɗaura mana aure. Kawu ya ce in bar masa fitilar, na bar masa da murna.

Ba a daɗe da bikin ba aka fara cewa Kawu ba ya gani. Ya yi karo da turmi, ya miƙa wa ginshiƙi hannu. Nan take gari ya tuna gargaɗin da na yi da bakina, liman kuma bai ɓoye ya ji shi ba. Aka ce tsohon yana kunna ta kullum yana kallo, har ta sha masa ruwan ido. Na bugo waya hankali tashe, na ce a kai shi likita Maraɗi a duba. Ya ƙi ƙememe. "Wa ya ga lokotoro ya maido ma wani ido? Tsuhwa na, ku ƙyale ni." Mutane suka ce rufa wa ɗan ƙanwarsa asiri yake yi. Na zauna na yi lissafi, na tambayi waɗanda suka fi ni sani, duk suka ce ɗigon nan ba ya iya cutar da ko ƙuda. Na yarda da su a labo. In na zo gida na ga Kawu yana laluben buta, sai lissafin ya bar ni. Inna ta rage zuwa suna da biki. Na tambaye shi sau da yawa, ta fuskoki daban-daban, yadda ya koya mini, amsarsa ba ta taɓa canzawa ba, amma kuma ba ta taɓa kwantar mini da rai ba.

To, da wannan nauyin na zauna zaman makokinsa, gwangwanin a aljihuna, tabarmar da ke gefena babu kowa.

Ranar sadakar uku surukina ya iso daga Sarkin Hausa a bayan babur. Ya tsufa shi ma, sai da aka riƙe shi ya sauka. Ya yi gaisuwa, aka yi addu'a aka shafa. Ya dubi inda nake zaune ni kaɗai, ya dubi sauran jama'a, sannan ya ce da liman yana da magana.

"Na ji abin da aka ta hwaɗi bisa yaron ga. Tsoho na raye ban iya buɗe baki, don tona shi za ni yi. Yanzu ya tahi inda ba a ɓoye komi. Liman, kana cikin ɗakin ranar, kai ma kana ciki," ya nuna taubashina. "Ku hitila kuka kallo. Ni dillali na, ba kaya nika kallo ba, mai shaida nika kallo. Haske na shigowa kaɗan ta gehen bargo, ina ganin hwarin gemun tsoho. Yaron ya yi magana daga ƙohwa, ya koma ƙurya ya kunna abinshi. Gemun bai bi shi ba. Sadda tsoho ya ce na gani, ƙohwa shika kallo, hitila na bayan kunnenshi."

Wani ya ce subhanallahi. Surukina ya ɗaga hannu.

"Ban yarda da idona ba. Da munka hito na miƙa mai goro ban yi magana ba. Hannuna ya gaji a sama bai amsa ba, sai da na ce ga goro. Tun kahin hitilar ta shigo gidanga mutumin ga ba shi gani."

Liman ya ce, "To, ka san haka, kuma ka ba da ɗiyarka?"

"Don haka na ba da ita. Mutumin da ya bari ɗan cikinshi ya rasa gona don kada shi ce ya ga abin da bai gani ba, in ya ɗauki sunanshi dut ya aza bisa yaro, ni wace shaida za ni nema bayan wagga?"

Ban iya ɗaga kai ba. Taubashina ya miƙe tsaye.

"Ni ya ƙi yi man! Ni da ya haihwa!"

"Kai iyakar ce bai sani ba," in ji surukina a hankali. "Shi ko wanga, ya san yaron."

Taubashina ya juya. Ya shige cikin gida wajen mahaifiyarsa, wadda ke takaba. Muka zauna muna jiransa. Da ya fito idanunsa sun yi ja. Bai koma wurinsa ba, ya zo ya zauna a tabarmata, kafaɗarsa na taɓa tawa, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Ta ce gaskiya na. Tun kahin damanar waccan shekara idon ya tahi. Ya sa ta rantse ta rihe har a ɗaura ma ɗan ƙanwarshi aure, bayan nan kuma ya ce in ta hwaɗi, shaidar ta ɓaci. Ta tambaye shi ƙaƙa za shi shaidi abin da bai gani ba. Ya ce ya juya yaron ta ko'ina bai canza ba, kuma bai taɓa jin ɗan damfara ya ce kayanshi mutuwa sukai ba." Ya share hanci. "Ta ce wani lokaci shikan ba ta gwangwanin shi ce ta haɗa ta diba ko tana ci. Hitilar ta daɗe da mutuwa, amma sai ta ce mai tana ci. Sai shi ce, ƙarya kikai, yaron ya ce ba ta daɗewa."

Nan na yi kukan da ban yi ba tun da na iso. Taubashina ya bar ni na yi, sannan ya miƙa hannu ya cire mini hula ya ɗora a gwiwarsa.

"Kai bawana," in ji shi, "ashe hitilar taka sai makaho ka iya ganinta."

Aka yi dariya a gidan makoki, da hawaye da komai, har liman.

Na yi ta tunani ko in rubuta wannan, domin mutumin da aka sani da gaskiya ne, ga shi ina faɗa wa duniya ranar da ya ce ya gani bai gani ba. Na nemi izinin matarsa da na ɗansa, suka ce in rubuta. Gwangwanin yana kan teburina a Maraɗi, muna nan muna shuka zaruruwan, galibinsu har yanzu mutuwa suke yi. In ɗalibi ya kawo mini sakamako mai kyau fiye da kima, sai in ji bakina ya ce, wa ya gani?

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya mayar masa da ganinsa a inda ya tafi. Ya Allah, kalma ɗaya ce tak ya faɗa ba bisa ido ba a duk rayuwarsa, kuma saboda ni ya faɗe ta. In akwai tambaya a kanta, a yi mini ita.